MU LEƘA ƘASA: Daga Yeji Zuwa Kete Krachi, a Bakin Tafkin Volta



Hutun ƙarshen shekara ya gabato, kuma mun san yadda aka saba. Mai ɗan hali ya kwashi yara ya kai su bakin teku a Labadi ko manyan kantunan Ankara, a sha sanyi a dawo. Wanda Allah ya buɗa wa sosai ya yanki tikitin Dubai. Sauran kuwa su zauna a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango, yara su yini a kan wayar hannu har hutu ya ƙare. Ba mu ce ko ɗaya daga cikin waɗannan laifi ne ba. Amma a wannan wata muna so mu kawo shawarar wata tafiya dabam, wadda ba ta bukatar fasfo balle biza, wato ziyarar ƙasar manoma da masunta ta arewacin Tafkin Volta, daga Yeji zuwa Salaga har Kete Krachi.

Dalilinmu biyu ne. Na farko, doyar da muke dakawa da kifin bandar da muke sa wa miya, da yawansu daga can suke fitowa, alhali yaranmu ba su taɓa ganin kunyar doya ba. Na biyu, babu wani yanki a ƙasar Gana da tarihin Hausawa ya kafu a cikinsa kamar wannan, kuma wani sashe na tarihin nan yana kwance a ƙarƙashin ruwa yau shekara wajen 60.

YADDA KOGI YA ZAMA TAFKI

A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar ruwa ta Akosombo, aka gama a 1965, aka yi bikin buɗewa a watan Janairu na 1966. Babbar manufar ita ce wutar lantarki, musamman domin masana'antar narkar da alminiyam ta Tema. Ruwan da aka tare ya koma da baya, ya kwanta a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 8,500, wato fiye da kashi 3 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya. Mutane kimanin 80,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 700, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52. Gonaki da kasuwanni da maƙabartu duk ruwa ya shanye.

Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗa ba. Kafin tafki, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji take bi. Mota ta zo bakin kogi, a ɗora ta a jirgin fito, a ƙetare, ta wuce ta Salaga. Da ruwa ya yi faɗi sai hanyar arewa ta koma yamma, ta Techiman da Kintampo da gadojin Buipe da Yapei. Shi ya sa mutum zai yi shekara 30 yana zirga-zirga tsakanin Kumasi da Tamale bai taɓa sa ƙafa a Salaga ba, garin da kakansa ya sauke jakuna.

ƘASAR DOYA

Mai tashi daga Kumasi zai bi ta Mampong da Ejura da Atebubu da Prang, tafiyar da ta haura kilomita 200 kafin a kai Yeji. Muna roƙon iyaye kada su bar yara su yi barci a wannan hanya, domin makaranta ce guda. Bayan an hau dutsen Mampong an gangara, kurmi yakan fara sirancewa, gonakin koko su ƙare, masara ta karɓa a wajen Ejura. Can gaba sai ka fara ganin itatuwan da duk Bahaushe ya sani ko da a tatsuniya: kaɗanya, ɗorawa, da kuka jefi-jefi. Za a kuma ga buhunan gawayi jere a bakin titi, to a nuna wa yara, a gaya musu cewa gawayin da muke hura wa shayi a birni daga jikin itatuwan nan ne.

Amma sarauniyar wannan ƙasa doya ce. Bayan Nijeriya, Gana tana cikin ƙasashe biyu ko uku da suka fi noma ta a duniya, kuma tana kan gaba wajen fitar da ita ƙasashen waje. Daga Atebubu zuwa Kpandai da Krachi da Dambai, manoma ne na gaske, Konkomba da Nchumuru da mutanen Krachi da Gwanjawa da sauransu.

Wanda bai ga aikin doya ba ba zai san abin da yake ci ba. Tun ƙasa tana da sauran damshi a ƙarshen damina manomi yake fara tara kunya, kowace ɗaya tulin ƙasa ne da yakan kai gwiwa ko ya wuce, kuma da fartanya ake yi, ɗaya bayan ɗaya, sai a tara dubbai a gona guda. In an binne iri sai a ɗora wa kowace kunya hular ganye ko ciyawa, a danne da ƙasa, don kada rana ta dafa irin kafin ruwa ya sauka. In ta tsiro a kafa mata sanda ta hau. Wajen Yuli da Agusta ake fara cin sabuwa, kuma a nan ne gwanintar take: manomi ya tona gefen kunya a hankali, ya yanke doyar ya bar kanta a maƙale da jijiya, ya mayar da ƙasa. Kan nan zai sake yin 'ya'ya ƙanana, waɗanda za a tona da rani su zama irin baɗi. Gona ɗaya, girbi biyu, na ci da na shuka.

Puna da laribako, waɗanda matanmu suke nema da suna a kasuwa, sun fi daɗi amma ba sa jure ajiya. Wannan shi ne raunin manomi. Dole ya sayar da wuri, hanyar gona kuwa ba kyau, sai babur mai ƙafa uku da ake kira aboboya ko tarakta ke iya shiga. Ɗari-ɗari ake cinikin doya a can, kuma in ka ji kuɗin ɗari a bakin gona, ka tuna abin da kake biya wa guda uku a Ankara, za ka gane cewa wanda ya fi shan wahala ba shi ya fi samu ba.

YEJI DA KIFINTA

A Yeji titi yake ƙarewa, ruwa ya fara. Wanda ya saba da kogi zai yi mamaki, domin ƙetaren can sai dai ka hango shi dishi-dishi. Garin yana cikin manyan kasuwannin kifi na tafkin, kuma tafkin nan shi ke ba da mafi yawan kifin ruwan daɗi da ake ci a ƙasar. A tambayi ranar kasuwa tun daga tasha a Kumasi, a daidaita tafiya da ita, domin ranar ce jirage suke fitowa daga tsibirai da ƙauyukan gaɓa ɗauke da kwanduna: karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, giwan ruwa, wani ɗanye, wani banda, wani kuma an sa masa gishiri an shanya, shi ne kobi.

Da yawan masuntan ba 'yan asalin wurin ba ne. Mutanen Tongu ne daga ƙasan kogi, wajen Battor da Mepe, waɗanda madatsa ta kashe musu sana'a a gida suka biyo kifi zuwa sama, tare da mutanen Ada da Fante. Saboda haka a bakin ruwan Yeji za ka ji Ewe da Twi da Gwanjanci, amma in ciniki ya yi zafi sau da yawa Hausa ce take raba gardama. A leƙa wurin mata masu banda, a ga yadda ake jera faifan waya hawa-hawa a kan murhun ƙasa irin na Chorkor, hayaƙi ɗaya ya gasa kifi mai yawa da itace kaɗan.

Wani abin kallo shi ne noman gaɓa. Tafkin yakan cika wajen Oktoba da Nuwamba, daga nan ya riƙa ja da baya har farkon damina. Duk inda ruwa ya janye yakan bar ƙasa mai laima, manoma su bi shi suna shuka tumatir da kuɓewa da barkono da masara da dankali. Wanda ya san fadama a ƙasar Hausa zai gane abin nan da nan. Sai dai caca ce, domin shekarar da ruwa ya yi yawa gonar takan tafi. A 2023 tafkin ya cika har aka buɗe ƙofofin Akosombo a watan Satumba da Oktoba, ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Mepe da maƙwabtanta, na gaɓar sama ma ruwa ya ci musu gonaki.

SALAGA, INDA JAKUNA SUKA SAUKA

Daga Yeji jirgin fito yakan ƙetare zuwa Makango, tafiyar kamar awa guda, daga nan mota ta kai ka Salaga. Wannan ita ce Gwanja ta bakin kakanninmu. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, madugu a gaba, a yi watanni a hanya da kanwa da baƙin yadi da fatu da gabu, a koma da goron ƙasar Asante. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara kaucewa zuwa Kintampo da Atebubu, sannan yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe ya watsa garin. Mutanen da suka gudu a lokacin su ne suka ƙara cika zangunan Yeji da Kete da Kintampo, wasu har Kumasi da Ankara. In ka bincika asalin tsofaffin gidajen Zango da yawa, a Salaga za ka tsaya.

Amma kada mu kai yara mu gaya musu rabin labari. Ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da mutane. Rijiyoyin suna nan, kuma wurin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa har yau da harshenmu ake kiransa, Wankan Bayi. Sunan kaɗai ya isa shaida cewa da hannun namu a ciki. Jikokin waɗanda aka sayar maƙwabtanmu ne a yau, wasu ma surukanmu. Yaron da ya tsaya a wurin nan aka gaya masa gaskiya, da wuya ya girma yana kiran wani ɗan ƙasa da sunan raini.

KETE KRACHI DA ALHAJI UMARU

Daga Salaga ana iya bi ta Kpandai a gangara Kete Krachi, ko da yake hanyar tana ba da wuya da damina. Mutanen Ankara kuwa sai su bi ta gadar Adomi da Kpando da Worawora zuwa Dambai, hedkwatar Jihar Oti da aka ƙirƙiro a 2019, su ƙetare a jirgin fito.

A da garuruwa biyu ne. Krachi ta 'yan ƙasa ce, mazaunin Dente, wurin bautar gargajiya da ya shahara har sarakunan Asante suna aiko masa. Kete kuwa zangon fatake ne, inda jiragen gishirin Ada suke sauke kaya. Zaman bai rasa tsamin dangantaka ba, kuma da Jamusawa suka kafa bariki a 1894 suka kashe babban mai kula da Dente. Mulkinsu ya ƙare a 1914, Ingilishi suka karɓa, sannan ƙuri'ar 1956 ta haɗa yankin da ƙasar da ta zama Gana.

A wannan gari ne Alhaji Umaru ya zauna, wanda wasu ke kira Imam Umaru ko Alhaji Umaru Salga. An haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Kabi, ya zauna Salaga, ya koma Kete a 1896, ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Turawa, a kan talauci da wadata, har da annobar mura ta 1918. Shi ne ya karantar da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, ya kuma rubuta masa labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta, waɗanda masana suke dogara da su har yau. Ana ajiye da kwafin rubuce-rubucensa da dama a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon. Ku duba fa, ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na zamaninsa a nan ƙasar ya yi aikinsa, amma ɗalibanmu nawa ne suka san sunansa?

Tsohuwar Kete da ya sani ruwa ya rufe ta, garin yanzu sabo ne a kan tudu, sai ɗan abin da ya rage na gine-ginen Jamus. Saboda haka abin da za a je nema a Krachi yana bakin tsofaffi. Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin da ruwa ya taso, yau ya doshi 80. Su ne suka san inda kasuwa take, da inda masallaci yake, da unguwar da kowane gida ya fito. In suka tafi, taswirar ta tafi. Muna kira ga ɗalibanmu masu zuwa hutu, wayar nan da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku nemi izini, ku zauna, ku yi tambaya, ku rubuta.

RUWA BA SA'AN KWANDO BA NE

To, ga gargaɗi, kuma muna so a ɗauke shi da gaske. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya rufe shi, don haka kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, wasu ka ga kawunansu, wasu ba ka gani. Su da lodin wuce kima da iskar hadari su ne suke kifar da jirage, kuma an yi asarar rayuka masu yawa a tafkin nan. Inda akwai babban jirgin fito a jira shi, ko da za a yi awa uku. In dole sai ƙaramin jirgi mai inji, a ƙetare da safe, kada a shiga wanda aka cika da buhuna da dabbobi har ruwa ya kusa bakinsa, kuma kowa ya sa rigar ceto, babba da yaro. In babu, a fasa. Gara a ce ka yi tsoro.

Na biyu, kada a bar yara su yi wanka a gaɓa. Tun da aka yi tafkin cutar tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakinsa, domin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ita suna son ruwa mai kwanciya da ciyayi. Ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Wanda ya riga ya shiga ruwan ya je asibiti a gwada shi, akwai magani. A tafi da gidan sauro da ruwan sha.

Na uku ya fi nauyi. Za ku ga yara ƙanana a cikin kwalekwale da sassafe. Wasu 'ya'yan masunta ne suna koyon sana'ar gida. Wasu kuwa an karɓo su ne daga iyaye matalauta a kan kuɗi kaɗan, su ake turawa su nutse su kwance taru in ya sarƙe a kututture, kuma ba duka suke fitowa ba. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 kuma ta haramta safarar mutane. Baƙo ba zai tsaya yin faɗa a bakin ruwa ba, amma yana iya kai magana ga 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a. Mu kuma da muke da al'adar ba da riƙo, mu san hannun da muke miƙa wa ɗa, mu kuma riƙa zuwa muna dubawa.

LADABIN BAƘO

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. In an sauka ƙauye a fara da gaida mai gari, a wuce wurin Sarkin Zango, da ɗan goro a hannu. Su za su haɗa ka da wanda zai zagaya da kai, a kuma sallame shi da abin kirki. Kada a ɗauki hoton mace tana banda ko manomi yana cikin gumi sai an tambaya, ba abin kallo ba ne, sana'arsu suke yi. Kada a ratsa gona a taka kunya. Wurin da 'yan ƙasa suka ce ba a shiga, kada a shiga, kada kuma a yi masa ba'a. Kakanninmu da izinin masu ƙasa suka zauna, shi ya sa zanguna suka daɗe.

Sannan a bar kuɗi a wurin. Kada a cika mota da abincin gwangwani daga birni. A ci sakwarar sabuwar doya da miyar kifi, a ci banku da gasasshiyar karfasa, a karya da koko da ƙosai a Zango. In an zo sayen tsaraba kada a matse manomi. Abin kunya ne mutumin da ba ya neman ragi a babban kanti ya tsaya yana jayayya da tsohuwa a kan sidi 2.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba: ruwan sama ya ɗauke, tafki a cike, doya ta wadata, hazon hunturu bai yi kauri ba tukuna. Kwana 4 ko 5 sun isa. Ƙungiyoyin matasa da makarantun Zango suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, su tafi da dattijo ɗaya ko biyu masu dangi a can, domin zumunta a ƙafa take.

Duk wanda ya je, ko wanda iyayensa suka taso daga tsohuwar Kete ko tsohuwar Yeji, ya rubuto mana abin da ya gani ko ya ji, za mu buga a wannan fili. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.